Tambaya da Amsa: Zakin da ke Gaban Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa ta Addis Ababa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, aiki ne ya kai ni birnin Addis Ababa na ƙasar Habasha, inda na yi kwana tara. Kullum da safe motar da ke ɗaukarmu takan ratsa ta wani dandali da ke gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda aka kafa mutum-mutumin wani zaki mai kambi a ka, ya ɗaga ƙafarsa ta gaba yana riƙe da sanda mai gicciye. Wata rana na sauka na duba shi da kyau, sai na ga fuskokin mutane huɗu a jikin baƙin dutsen da aka ɗora shi a kai. Da na tambayi direbanmu, sai ya ce mini zakin ya taɓa zaman fursuna a Turai, bai kuwa ƙara komai a kan haka ba. Ina roƙon a yi mini bayanin ma'anar wannan zaki. Shin bauta masa ake yi? Su wane ne mutanen nan huɗu? Me direban yake nufi da zaman fursuna? Kuma tunda na ji cewa an daɗe da kawar da sarauta a Habasha, me ya sa aka bar alamar sarki a tsaye a tsakiyar birni? Na kuma ga wani zakin na dutse kusa da babban gidan wasan kwaikwayo na birnin, ko duk abu ɗaya ne?

Daga wani mai karanta mujallar nan.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Mun gode da wannan tambaya, kuma direban naka bai faɗi ƙarya ba, domin zakin da ka tsaya a gabansa ya shafe shekara fiye da ashirin a birnin Rum na Italiya, ba kuwa da yardar masu shi ba. Zan zo ga wannan labari, amma bari in fara da abin da na san shi ne ya fi tsaya maka a rai. Ba a bauta wa wannan zaki. Kiristocin Habasha suna da majami'unsu, can suke ibadarsu, kuma ba wanda yake zuwa dandalin nan ya kai hadaya ko ya roƙi wata buƙata. Matsayinsa matsayin tuta ne ko hatimin gwamnati, wato alama ce ta mulki da ta ƙasa. Bahaushe ma ba zai sha wahalar gane dalilin zaɓen wannan dabba ba, tunda a bakinmu in fadawa suka ce “Zaki”, kowa ya san ba na dawa suke nufi ba.

Sunan wannan alama Zakin Yahuza, kuma asalin sunan daga littattafan Yahudawa da Kiristoci yake. A Littafin Farawa, sura ta 49, an ba da labarin yadda Annabi Yakubu ya tara 'ya'yansa yana sa musu albarka, ya kwatanta ɗansa Yahuza da ɗan zaki, ya kuma ce sandar mulki ba za ta rabu da zuriyarsa ba. Daga wannan zuriya Annabi Dawuda da Annabi Sulaiman suka fito, don haka zaki ya zama alamar gidan sarautarsu. Daga baya, a littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, an ambaci zakin kabilar Yahuza da ya yi nasara, wanda a fahimtar Kiristoci Annabi Isa ake nufi.

Yadda wannan alama ta tsallaka Bahar Maliya ta zama ta sarakunan Habasha shi ne abin lura. Akwai wani tsohon littafi na Habashawa mai suna Kebra Nagast, wato Ɗaukakar Sarakuna, wanda aka harhaɗa a ƙarni na 14 da harshen Ge'ez. Littafin ya ce Sarauniyar Saba, wadda su suke kira Makeda mu kuma muke kira Bilkisu, ta ziyarci Annabi Sulaiman a Ƙudus, ta komo gida ta haifa masa ɗa mai suna Menelik, wanda shi ne ya kafa gidan sarautar Habasha. Ya kamata mai karatu Musulmi ya san cewa Alƙur'ani, a Suratun Namli, ya kawo labarin sarauniyar da haɗuwarta da Annabi Sulaiman, amma bai ambaci wannan ɗa ba. Maganar ɗan riwaya ce ta Habashawa, kuma aikinta a siyasa babba ne: sarakunan da suka karɓi mulki tun daga Yekuno Amlak a 1270 sun kafa hujjarsu ta hawa gadon sarauta a kan cewa su jinin Sulaiman ne. Wannan iƙirari bai tsaya a bakin maroƙa da limaman coci ba, har cikin tsarin mulkin ƙasar na 1955 an rubuta shi, inda aka ce sarautar za ta dawwama a zuriyar Haile Selassie saboda salsalarsa ta haɗe da Menelik na Farko ɗan Sulaiman da Sarauniyar Saba. To kambin da ka gani a kan zakin yana nuna sarautar, gicciyen kuma yana nuna Cocin Orthodox ta Habasha wadda sarautar ta jingina da ita. A cikin siffa ɗaya an haɗa gadon sarauta da coci da iƙirarin asali.

Akwai wani ɗan bambanci da yawancin masu ba da labarin suke tsallakewa. Jimlar nan da ke cewa zakin kabilar Yahuza ya yi nasara, a farkon al'amari take ce da sarakuna suke buɗe wasiƙunsu da ita, kuma Annabi Isa take nufi, ba sarkin da ya aiko da wasiƙar ba. Da tafiya ta yi tafiya, musamman a idon Turawa da jaridunsu, sai aka riƙa ɗaukarta a matsayin laƙabin sarkin kansa, har Haile Selassie ya shahara a duniya da sunan Zakin Yahuza Mai Nasara. Ka ga ke nan tun kafin a narka tagullar wannan mutum-mutumi, ma'anar zakin ta riga ta soma gusawa daga addini zuwa ga mutum guda.

Shi wannan da ke dandalin tasha, wani Bafaranshe ne ya ƙera shi, Georges Gardet, wanda ya yi suna wajen ƙera siffofin dabbobi. Da tagulla aka yi shi, aka shafe shi da ruwan zinariya, aka kuma kafa shi albarkacin naɗin Ras Tafari Makonnen, wanda aka sa wa kambi ranar 2 ga Nuwamba, 1930, ya ɗauki sunan Haile Selassie na Farko. Wurin da aka zaɓa ma yana da magana a bakinsa. A wancan zamani babu filin jirgin sama da baƙi ke sauka, hanyar da ta haɗa Addis Ababa da teku ita ce layin dogon da ya taso daga Jibuti, mai tsawon kusan kilomita 780, wanda ya iso birnin a 1917. Har yau mutanen birnin suna kiran unguwar Legehar, wanda kalmar Faransanci ce ta tasha da bakin Amhara ya lanƙwasa. Duk wani jakada ko ɗan sarki ko ɗan jarida da ya zo bikin naɗin, da ya sauko daga jirgi ya fito ƙofar tasha, zakin nan ne abu na farko da zai yi ido huɗu da shi, a bayansa kuma ga babban titin da ya miƙe ya hau tudu zuwa tsakiyar birni, wanda daga baya aka raɗa wa sunan Churchill. Saƙon ga baƙi a fili yake: kun shigo ƙasar da ke da sarkinta da tarihinta, a lokacin da kusan dukkan Afirka take hannun Turawan mulkin mallaka.

Fuskoki huɗun da ka gani a jikin dutsen su ne Sarki Menelik na Biyu, da 'yarsa Sarauniya Zewditu, da Ras Makonnen, da Haile Selassie kansa. Wannan jeri ma hujja ce aka sassaƙa. Haile Selassie ba ɗan Menelik ba ne, ɗan Ras Makonnen ne, wanda ɗan'uwan Menelik ne kuma babban kwamandansa. Ya yi shekaru yana riƙon ƙwarya a ƙarƙashin Zewditu, wadda ta rasu a watan Afrilu na 1930, sannan ya gaje ta. Da aka jera shi tare da su ukun a ƙarƙashin ƙafafun zaki, ana gaya wa duk mai shakka cewa sarautar ta bi hanyarta ta halal har ta iso gare shi. Mai lura zai kuma ga cewa akwai wanda ba a sa ba, wato Lij Iyasu jikan Menelik, wanda aka tuɓe a 1916 bayan an zarge shi, cikin wasu zarge-zarge, da karkata ga Musulunci.

Yanzu ga maganar zaman fursuna. Tsakanin Habasha da Italiya akwai tsohuwar gaba. A watan Janairu na 1887, a wani wuri da ake kira Dogali a ƙasar Iritiriya ta yau, mayaƙan Ras Alula suka auka wa wata rundunar Italiya mai kimanin sojoji 500, suka hallaka mafi yawansu. Abin ya girgiza Italiya ƙwarai, har aka kafa wa mamatan wani dogon ginshiƙin dutse na tsohuwar Masar a birnin Rum, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, aka kuma raɗa wa dandalin da ke gaban tashar sunan mutum ɗari biyar ɗin. Shekara tara bayan haka, ranar 1 ga Maris, 1896, Menelik ya karya rundunar Italiya a Adwa, wanda shi ne ya tabbatar da 'yancin Habasha. Shekara arba'in Italiya tana ɗauke da wannan miki, har shugabanta Mussolini ya sake kawo yaƙi a watan Oktoba na 1935, da jiragen sama da iskar guba. Sojojinsa suka shiga Addis Ababa ranar 5 ga Mayu, 1936, bayan Haile Selassie ya bi wannan layin dogon zuwa Jibuti, daga nan ya yi gudun hijira zuwa Ingila.

Da Italiyawa suka kama birnin, ba su tsaya ga kwasar dukiya ba, sai da suka bi alamomin ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Suka sauke mutum-mutumin Menelik bisa doki, suka ɗauke ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan dutse na tsohon birnin Aksum suka tsallaka da shi teku, suka kuma tumɓuke zakin nan suka kai shi Rum. Abin da suka yi da shi a can shi ne ya fi nuna cewa sun fahimci ma'anarsa sarai. Ba su jefa shi a rumbun ajiya ba, ba su kuma narkar da shi ba. A 1937 suka ajiye shi a gindin ginshiƙin nan na mamatan Dogali, domin duk mai wucewa ya ga zakin Habasha a ƙasa, a ƙarƙashin sunayen sojojin da Habashawa suka kashe shekara hamsin da suka wuce. Tagullar ba ta canza ba, kambin yana nan, gicciyen yana nan, amma wurin zama kaɗai ya juyar da ma'anar daga ɗaukaka zuwa ƙasƙanci.

A nan ne wani saurayi ya shigo labarin, kuma a ganina shi ne ya ba zakin ma'anar da ta fi kowace daɗewa. Sunansa Zerai Deres, ɗan Iritiriya ne, yana aikin tafinta ga manyan Habashawa da Italiya ta kwaso ta tsare a ƙasarta. Ranar 15 ga Yuni, 1938, ya zo gaban zakin a tsakiyar Rum ya durƙusa, yana girmama alamar ƙasar da aka ci da yaƙi. Da aka nemi korarsa daga wurin sai ya zare takobi, ya raunata wasu mutane yana aibata mulkin Mussolini, kafin a harbe shi a kama. Gwamnatin ba ta so a yi shari'ar da za ta ba shi bakin magana, sai aka ce mahaukaci ne, aka kai shi gidan tsare masu taɓin hankali a tsibirin Sisili, inda ya rasu a 1945 yana da shekara talatin. Labarinsa ya yi ta ƙaruwa a bakin jama'a, har wasu suna cewa ya kashe mutane da yawa, amma ko ba a ƙara gishiri ba abin da ya yi ya isa: mutum ɗaya tilo, a babban birnin maƙiyi, ya ƙi yarda a mai da alamar ganima. Ka kuma tuna cewa wannan ya faru ne shekara guda da 'yan watanni bayan kisan gillar da aka yi wa dubban mazauna Addis Ababa a watan Fabrairu na 1937, sakamakon yunƙurin kashe gwamnan mulkin mallaka Graziani.

Haile Selassie ya komo birninsa ranar 5 ga Mayu, 1941, shekara biyar cif bayan faɗuwarsa, amma zakin bai biyo shi ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1947 ta wajabta wa Italiya mayar da kayan tarihin da ta kwashe, sai dai cika alkawarin ya yi ta jan ƙafa. Sai a shekarun 1960 zakin ya dawo aka mai da shi dandalinsa, sarki kuma ya halarci bikin da kansa, aka ambaci Zerai Deres. Ginshiƙin Aksum kuwa sai a 2005 ya dawo gida.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta dalilin barinsa a tsaye. A watan Satumba na 1974 sojoji suka hamɓarar da Haile Selassie, bayan yunwar lardin Wollo da tarzomar ɗalibai da ta ma'aikata, suka kafa gwamnatin da aka sani da Derg, mai bin aƙidar gurguzu. Suka cire zaki mai kambi daga tutar ƙasa, suka canza sunayen wurare da yawa, suka kuma yi niyyar kawar da wannan mutum-mutumi a matsayinsa na alamar sarauta. Waɗanda suka tsaya masa su ne tsofaffin mayaƙan sari-ka-noƙe da suka yaƙi Italiya a duwatsu tsawon shekara biyar na mamaya, waɗanda Habashawa ke kira Arbegnoch. Hujjarsu ita ce zakin ya daina zama na sarki shi kaɗai, ya zama abin tunawa da gwagwarmayar da aka yi da 'yan mamaya. Sojojin suka karɓi wannan hujja, suka bar shi. Da a ce Italiyawa ba su sace shi ba, da wuya a ce ya tsira daga juyin juya halin, domin da ba shi da wata ma'ana sai ta gidan sarautar da aka rushe. Zaman da ya yi a gindin ginshiƙin Dogali shi ne ya mai da shi na jama'a.

Sai dai ba zan yi maka adalci ba, Malam, in na bar ka da zaton cewa duk Bahabashe yana kallon zakin nan da ido ɗaya. Daular da Menelik ya kare a Adwa ita ce kuma daular da ya faɗaɗa da yaƙi zuwa kudu da gabas, ya ci ƙasashen Oromo da Somali da Sidama da Wolayta da sauransu. A watan Janairu na 1887, watan da aka yi Dogali, a cikinsa ne ya ci birnin Harar, tsohuwar cibiyar Musulunci mai ganuwa, ya naɗa Ras Makonnen gwamnanta, wato ɗaya daga cikin fuskokin da ka gani. Musulmi sun kai kimanin kashi ɗaya bisa uku na al'ummar ƙasar bisa ƙidayar 2007, kuma ƙasar tana da daraja ta musamman a tarihin Musulunci saboda hijirar sahabbai ta farko zuwa wurin Najashi, amma a zamanin sarakuna coci ce addinin gwamnati, kuma sai Kirista ɗan Orthodox ne zai hau gadon sarauta. Wanda kakanninsa suka rasa gonakinsu a wancan zamani, in ya ga zaki mai kambi riƙe da gicciye, ba lalle ne Adwa ta fara zuwa masa a rai ba. Shi ya sa har yau tsohuwar tuta mai zaki takan tayar da muhawara a siyasar Habasha, tutar ƙasar ta yanzu kuma tauraro ne a tsakiyarta tun daga 1996.

Ra'ayina shi ne barinsa a tsaye daidai ne, kuma dalilin tsofaffin mayaƙan nan dalili ne mai ƙarfi, domin ƙasashen Afirka kaɗan ne suke da abin da aka ƙwace musu da ƙarfin bindiga suka kuma matsa har aka dawo musu da shi. Amma ina ganin haƙƙi ne a kan masu ba da tarihinsa su faɗi labarin Harar tare da na Dogali, su ambaci wanda aka sa a jikin dutsen da wanda aka bari, domin zakin ya iya zama na dukkan mutanen da ke ratsa dandalin kowace safiya.

Game da zakin da ka gani kusa da gidan wasan kwaikwayo, alamar ɗaya ce amma aikin daban ne. Wani Bafaranshe ne shi ma ya yi shi, Maurice Calka, albarkacin cikar Haile Selassie shekara 25 a kan gadon sarauta a 1955. Da dutse aka gina shi, dogo ne ƙwarai, kuma da salon zamani aka yi shi, mai kusurwoyi da miƙaƙƙen wuya, ba a nemi ya yi kama da zakin dawa sak ba. Shi bai taɓa barin Addis Ababa ba. Wanda ya je Rum ya dawo shi ne na tagulla da ke gaban tsohuwar tasha, wadda jiragen Jibuti suka daina shigowa, tunda sabon layin dogo mai amfani da lantarki da aka ƙaddamar a 2016 a wajen birnin yake tsayawa.